Harshen Alutiiq na Alaska: Yadda Makaranta Ta Kashe Shi, da Yadda Ake Neman Ta Raya Shi

A duk lokacin da aka ɗauko zancen mutuwar harsuna a ajin ɗalibai masu neman babban digiri, yawanci sai ka ga hankali ya karkata ga tambaya guda, wato mutum nawa suka rage masu jin harshen. Tambayar tana da amfani, amma ba ita ce kan gaba ba a wurin mai nazarin tarihi. Abin da ya fi kamata a bincika shi ne, a wane zamani ne uwa ta daina yi wa ɗanta magana da harshen da ita aka yi mata reno da shi, kuma wane ne ya sa ta daina. A wannan maƙala za a bi diddigin wannan tambaya ta hanyar duba tarihin wata ƙaramar al'umma da ke can ƙuryar arewa maso yammacin nahiyar Amurka, waɗanda ake kira Alutiiq ko Sugpiaq. An zaɓe su ne domin a cikin shekara ɗari biyu da arba'in sun ga mulkin ƙasashe biyu, sun ga rubutu iri biyu, kuma makaranta ta zo musu da fuskoki dabam-dabam, wani sa'i tana abokiya, wani sa'i tana abokiyar gaba.

Mutanen da Sunansu

Ƙasar Alutiiq ta ƙunshi tsibirin Kodiyak da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi, da wani sashe na zirin Alaska, da kudancin zirin Kenai, da gaɓar mashigin Prince William. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna cewa mutane sun fi shekara 7,000 suna zaune a Kodiyak. Abincinsu daga teku yake fitowa, kifi da dabbobin ruwa da tsuntsaye, suna kuwa farauta a cikin wani siririn kwalekwale da ake lulluɓe shi da fata, wanda suke kira qayaq. Harshensu ɗan dangin Yupik ne, a cikin babban gidan harsunan Eskimo da Aleut, kuma yana da manyan kare-kare biyu: karin Koniag na Kodiyak da zirin Alaska, da karin Chugach na Kenai da Prince William.

Sunan nan Alutiiq shi kansa tarihi ne. Da Rashawa suka fara ratsowa ta jerin tsibiran yamma sai suka laƙaba wa mazaunansu sunan Aleut, da suka iso Kodiyak kuma suka ci gaba da kiran mutanen wurin da wannan suna, alhali kuwa harsunan biyu ba sa ga-maciji a fahimta, mai jin ɗaya ba ya jin ɗayan. Mutanen Kodiyak suka karɓi sunan, suka lanƙwasa shi ya dace da bakinsu, ya zama Alutiiq. Sunansu na kaka da kakanni shi ne Sugpiaq, daga suk, mutum, da ɗafa-ƙeya -piaq mai nufin na ainihi. Wato mutum na haƙiƙa ke nan. Har yau akwai masu fifita wannan, akwai masu fifita wancan, akwai kuma tsofaffin da suka rayu suka mutu suna kiran kansu Aleut. Al'ummar da aka ba ta sunan wasu har ta saba da shi, ba abin mamaki ba ne in ta daɗe ba ta gane cewa harshenta abin tattali ne ba.

Zamanin Rashawa

Tafiyar Vitus Bering ta 1741 ita ta buɗe wa 'yan kasuwar Rasha ido ga dukiyar da ke wannan teku, wato fatar karen ruwa na teku, wadda ake saye da tsada ƙwarai a kasuwannin Sin. Stepan Glotov ya iso Kodiyak a 1763, amma mutanen tsibirin ba su bar shi ya kafu ba. Sai a watan Agusta na 1784 Grigori Shelikhov ya zo da jirage da igwa. Jama'a masu yawa, har da mata da yara, suka fake a kan wani dutse mai tsayi da ke cikin ruwa kusa da tsibirin Sitkalidak, wurin da suka saba fakewa in maƙiya sun kawo hari. Kibiya ba ta iya cin wannan dutse, amma igwa ta ci shi. An kashe ɗaruruwan mutane, aka kama saura. Sugpiaq suna kiran wurin Awa'uq, ma'ana sandarewa, irin wadda jiki yakan yi in abu ya fi ƙarfin kuka. A 1851 wani masani ɗan ƙasar Finlan mai suna Holmberg ya rubuta labarin daga bakin wani tsoho, Arsenti Aminak, kuma da wannan ne muryar waɗanda aka ci da yaƙi ta shiga takarda.

Abin lura ga mai nazarin ilimi shi ne, makaranta ta farko a Kodiyak daga wannan ta'asa ta tsiro. Shelikhov ya karɓi 'ya'yan manyan gari a matsayin garkuwa, don kada iyayensu su yi tawaye, ya tara su a sansaninsa na Three Saints Bay ana koya musu Rashanci da lissafi, domin kamfani yana bukatar tafintoci da matuƙan jirgi. Bayan da Aleksandar Baranov ya mai da hedkwata inda garin Kodiyak yake yanzu a 1792, aka kuma kafa Kamfanin Rasha da Amurka a 1799, sai aikin tilas ya zama tsari. Ana tura maza cikin ayarin kwale-kwale su yi watanni suna farautar fata, mata suna ɗinki da busar da kifi don rumbun kamfani, yunwa kuwa tana cin ƙauyuka a lokacin hunturu. Har dokar kamfanin ta 1821 ta halatta a ɗebi rabin mazajen da ke tsakanin shekara 18 da 50 don wannan aiki. Sa'an nan annobar agana ta 1837 zuwa 1839 ta zo ta yi ɓarna mai yawa, har kamfani ya tattara waɗanda suka tsira daga ƙauyuka sittin da wani abu ya zuba su a matsugunai bakwai.

Duk da haka harshen bai mutu a hannun Rashawa ba, kuma dalilin haka ya cancanci a tsaya a kansa. Na farko, Rashawan ba su da yawa, kuma kusan dukkansu maza ne. Sun auri matan ƙasa, 'ya'yansu suka tashi da harshe biyu. Na biyu, kamfani fata yake so, bai damu da abin da mutum yake faɗa wa matarsa a ɗaka ba. Na uku shi ne cocin Otodoks. Tawagar ruhubanawa ta iso Kodiyak a 1794 daga gidan ibada na Valaam, a cikinsu har da Herman, wanda ya yi suna wajen tsaya wa talakawa a gaban ma'aikatan kamfani, ya kuma riƙe marayu a tsibirin Spruce. Al'adar wannan coci ita ce a kai wa mutane addini da harshensu. Wani limaminsu mai suna Gideon, wanda ya zauna a Kodiyak daga 1804 zuwa 1807, ya gyara makarantar garin, aka fara fassara addu'o'i. A 1848 aka buga littafin koyon karatu da Linjilar Matta cikin harshen Kodiyak da baƙaƙen Rashanci, aikin Ilya Tyzhnov tare da 'yan ƙasa da suka taimaka masa. Ba a ce wannan rubutu ya game jama'a ba, amma ya kafa hujja guda, cewa harshen yana rubutuwa, kuma ana iya tsayawa da shi a gaban Ubangiji.

Sawun wannan zama yana nan a cikin kalmomin aro masu yawa. Sunan shago ya fito daga kalmar Rashanci lavka. Shayi kuwa caayuq ne, daga chai, kalmar da ta taso daga Sin ta bi ta Rasha ta isa Kodiyak, 'yar'uwarta kuma ta bi ta Larabci ta iso mu a matsayin shayi. Harshe mai aro irin wannan harshe ne mai rai, yana haɗiye baƙo yana mai da shi ɗan gida.

Zamanin Amurkawa

A 1867 Rasha ta sayar wa Amurka da Alaska a kan dala miliyan 7.2, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Da farko abubuwa ba su sake sosai ba. Sauyin ya fara ne da kifi. A 1882 aka buɗe masana'antar gwangwanin kifi a bakin kogin Karluk, wasu suka biyo baya, leburori suka kwararo daga Sin da Turai da sauran wurare, Turanci ya zama harshen albashi da na kanti. Sai kuma makaranta. A 1885 gwamnati ta naɗa Sheldon Jackson, wani limamin Furotesta, ya shugabanci ilimi a Alaska, manufarsa kuwa a fili take: Turanci kaɗai za a yi a aji, harsunan ƙasa kuwa cikas ne ga wayewa. A 1893 'yan Baftis suka buɗe gidan marayu da makaranta a tsibirin Woody, daura da garin Kodiyak, wurin da aka yi ta jayayya tsakaninsu da limaman Otodoks a kan yara.

Tsofaffin da aka ɗauki hirarsu a ƙarshen ƙarni na ashirin sun ba da labarin horon da aka yi musu saboda kalma ɗaya ta Sugpiaq ta suɓuce musu a harabar makaranta: duka da rula, da wanke baki da sabulu, da tsayar da yaro a gaban 'yan'uwansa ana yi masa dariya. Ni a ganina ba dukan ne ya kashe harshen ba, domin yaro yakan sha duka a makaranta ya koma gida ya ci gaba da harshen uwarsa. Abin da ya yi kisan shi ne kunyar da aka dasa masa. Yaron da aka daka a 1920 shi ne uban 1940, kuma da ya sami nasa ɗan sai ya yanke shawara, don ƙauna, cewa wannan ba zai sha abin da ya sha ba. Sai iyaye suka riƙa yin Sugpiaq a tsakaninsu in suna son ɓoye zance, suna juyawa Turanci in yaro ya shigo. A farkon ƙarnin akwai dattawa da yawa masu harshe uku, Sugpiaq a gida, Rashanci a coci, Turanci a wurin aiki, waɗanda malaman gwamnati masu harshe ɗaya tak suke ɗauka jahilai. Jikokinsu kuwa suka tashi da ɗaya.

Masifu suka taimaka wa manufar gwamnati. A watan Yuni na 1912 dutsen Novarupta ya yi aman wuta, toka ta binne ƙauyukan Katmai, aka kwashe mutanensu zuwa wani sabon gari, Perryville. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika Kodiyak da dubban sojoji. A ranar 27 ga Maris, 1964, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2 ta tayar da igiyar teku wadda ta share ƙauyen Chenega tare da kusan sulusin mutanensa, ta rushe Kaguyak, ta sa mutanen Afognak suka tashi suka kafa Port Lions. Ƙauye shi ne tukunyar da harshe yake dahuwa a ciki, kowace tashi kuma tana watsa masu magana cikin garuruwan da Turanci ya riga ya mamaye. Wajen shekarun 1970, in ban da wurare kaɗan kamar Nanwalek a zirin Kenai, da wuya a sami yaro da ya tashi da harshen.

Kada mai karatu Bahaushe ya yi saurin sa kansa a matsayin Sugpiaq a wannan labari. A ƙasashen Bauchi da Filato da kudancin Kaduna, Hausa ce take zaune a kujerar da Turanci ya zauna a Kodiyak, ko da yake ba da rula da sabulu ba, da kasuwa da aure da addini. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ɓace tun rabin farko na ƙarni na ashirin, masu shi suka koma Hausa.

Farfaɗowa

Juyin ya fara ne daga siyasar ƙasa. Dokar sasanta haƙƙin filaye ta 1971 ta kafa kamfanonin 'yan ƙasa, irin su Koniag da Chugach, kuma domin mutum ya sami rabo sai ya yi rajista a matsayin ɗan ƙasa. Mutanen da suka yi shekaru suna ɓoye asalinsu, suna cewa su jinin Rasha ne, sai ga su suna tono sunayen kakanni. A 1972 majalisar jihar ta kafa Cibiyar Harsunan 'Yan Ƙasar Alaska a jami'ar Fairbanks a ƙarƙashin Michael Krauss, mutumin da maƙalarsa ta 1992 ta girgiza masana da kashedin cewa yawancin harsunan duniya suna kan hanyar ɓacewa. A wannan cibiya ne Jeff Leer ya zauna da tsofaffi ya tsara sabon rubutu da baƙaƙen Romawa, ya fitar da ƙaramin ƙamus na karin Kodiyak a 1978, da littafin nahawu na aji a 1990.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Alutiiq ya shahara a wurin masana tsarin sauti saboda sarƙaƙiyar ƙa'idojinsa na nauyin gaɓa, inda matsayin gaɓa a cikin kalma yake sa wasali ya tsawaita ko baƙi ya ƙarfafa. Mai tsara rubutu dole ya zaɓi abin da zai nuna da abin da zai bar wa mai karatu ya cike da kansa, kamar dai yadda rubutunmu na boko ya bar karin sauti da tsawon wasali. Bambancin shi ne, Bahaushe yana cikewa daga abin da kunnensa ya sani tun yana goye, shi kuwa mai koyon Alutiiq a yau ba shi da wannan kunne, takardar ce uwarsa.

Wani abin mamaki shi ne, kayan tarihi sun riga harshe dawowa. Haƙar da aka fara a Karluk a 1983 ta fito da dubban kayayyakin katako da danshin ƙasa ya adana, matasan ƙauye suka yi aiki a ramin, suka ga abin da hannun kakanninsu ya sassaƙa. A 1991, bayan doguwar jayayya da cibiyar Smithsonian, mutanen Larsen Bay suka karɓo ƙasusuwan mutum fiye da 700 waɗanda Ales Hrdlicka ya tone a shekarun 1930, suka sake binne su. Sa'an nan ga malalar man jirgin Exxon Valdez ta ranar 24 ga Maris, 1989, wadda ta zubar da gangar mai dubu ɗari biyu da wani abu a teku, ta gurɓata gaɓar da ake neman abinci; daga kuɗin diyyarta aka ware dala miliyan 1.5 aka gina Gidan Tarihin Alutiiq, wanda aka buɗe a Kodiyak a 1995, kuma 'yan ƙasa ne suke tafiyar da shi. A 2008, zamanin shugabancin Sven Haakanson, aka kawo aron wasu fuskokin katako na rawa daga garin Boulogne-sur-Mer na Faransa, waɗanda wani matashi Bafaranshe, Alphonse Pinart, ya tara a 1871 da 1872. Masassaƙa suka tsaya a gabansu suna awo.

Wannan gidan tarihi ne ya zama cibiyar aikin harshe. Tun 1998 yake fitar da darasin kalma ɗaya kowane mako a rediyo da jarida. Da aka shiga ƙarni na ashirin da ɗaya, masu jin karin Kodiyak sosai ba su wuce 'yan gommai ba, dukkansu tsofaffi. Sai aka ɗauki wata dabara da aka aro daga 'yan ƙasar Kaliforniya, wato a haɗa tsoho mai harshe da baligi mai koyo, su riƙa zama tare awoyi masu yawa a mako, suna girki ko gyaran kifi, ba a yin Turanci. Daga 2004 aka fara, kuma daga cikin almajiran ne aka sami malaman da suke koyarwa a yau, ciki har da April Laktonen Counceller, wadda ta yi digirinta na uku a kan wannan aiki, daga baya ta shugabanci gidan tarihin. Ita da Leer suka fitar da littafin ƙa'idojin rubutu na karin Kodiyak a 2012.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin ayyukansu shi ne majalisar ƙirƙirar sababbin kalmomi. Harshen da aka daina renon yara da shi tun kafin zuwan talabijin ba shi da sunayen abubuwan zamani, mai koyo kuwa in bai sami kalma ba sai ya faɗa Turanci. Aka kafa majalisar da ƙa'ida guda: tsofaffi ne kaɗai suke da ikon amincewa da kalma, masu koyo da masana suna zaune suna rubutu. Wanda ya san tarihin Hukumar Harshen Hausa ta shekarun 1950 da kwamitocin keɓaɓɓun kalmomi da suka biyo bayanta zai gane irin gardamar da ake yi a irin wannan zama, ko a yi aro, ko a faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ko a gina sabuwa da ɗafe-ɗafe. Amma a Kodiyak zaman ya yi wani amfani da ba a zata ba. Tsofaffin da aka daka saboda harshensu, waɗanda wasunsu sun yi shekaru ba su da abokin hira, sai ga su a kan kujerar alƙalanci, kuma wajen neman sabuwar kalma sukan tuno tsohuwa da aka manta. Haka kuma ba a tilasta daidaitaccen kari ɗaya ba. A tsibirin akwai salon arewa da salon kudu, sai aka yarda a riƙa rubuta duka biyun a littattafai, kowanne da alamarsa, domin in aka ce wa tsohuwa ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage furucinta kuskure ne, an maimaita mata aikin malamin 1920 ke nan.

Daga nan harshen ya koma makaranta ta ƙofar gaba. Ana koyar da shi a babbar sakandaren Kodiyak da kwalejin garin, ƙabilar Sun'aq kuma ta buɗe gidan renon yara inda ake yi musu magana da shi. A 2014 jihar Alaska ta sa Alutiiq cikin harsunan ƙasa ashirin da ta ba matsayin harsunan hukuma, a 2018 kuma Gwamna Bill Walker ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan halin da harsunan suke ciki. Doka dai ba ta renon yaro. Awa guda a rana a aji tana ba ɗalibi gaisuwar cama'i da godiyar quyanaa da sunayen kifaye, amma ba ta ba shi harshen da zai yi fushi ko ya yi mafarki da shi, kuma malaman da kansu a girma suka koya, furucinsu yana ɗauke da inuwar Turanci, abin da wasu tsofaffi suke jin nauyinsa, wasu kuma suke cewa gara haka da shiru. Maƙwabtansu na gabas, Eyak, sun rasa mai jin harshensu ta ƙarshe, Marie Smith Jones, a watan Janairu na 2008. A Kodiyak kuwa akwai yara 'yan shekara uku da huɗu da suke jin Sugpiaq daga bakin masu renonsu, waɗanda su kuma suka karɓe shi daga bakin tsofaffin da aka wanke wa baki da sabulu.